ƘURAJEN YARA MASU CIBIYA: GARIN GYARAN GIRA KADA A RASA IDO

A wannan wata mun ɗauko magana bisa wasu ƴan ƙuraje da ke fito ma yara ƙanana. Ba su kisa, ba su kwantar da yaro, ba su hana shi cin tuwo ko wasan ƙasa, amma duk da haka suna hana uwaye barci. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne wani abu da ya faru a unguwarmu nan Maraɗi, wanda muka gani da idonmu tun farkonsa har ƙarshensa.

Wata maƙwabciyarmu tana da ɗiya ƴar shekara 6. Wata rana tana yi mata wanka sai ta ga ƙuraje huɗu ko biyar a wuyanta da gefen kumatu, ƙanana, masu sheƙi, kowane da ɗan rami a tsakiya. Yarinya ba masassara, ba kuka, ba ta ma san da su ba. Uwar ta zuba ido sati biyu, ba su tafi ba. Kafin wata biyu sun haura goma. Daga nan sai bakin mutane ya shiga. Wannan ta ce zafi ne, waccan ta ce shawara ce ta fito waje, wata kuma ta ce kambun baka ne. A gidan suna mata suka fara janye ɗiyansu daga kusa da yarinyar. Uwar miji ta ce sakaci ne irin na matan zamani.

Da abin ya ishe ta, sai ta sayi wani man shafawa wajen mai tallar magani a kai. Ta shafa kwana ashirin, ƙurajen sai ƙaruwa suka yi. Sa'an nan aka ba ta shawarar a tsaga kowane da reza, a matse, a ɗiga ruwan sodar da ake haɗa sabulu da ita. Mata biyu suka danne yarinyar aka yi aikin, muna jin ihunta daga zaure. Bayan kwana uku kumatu ya kumbura, wurin ya yi ruwa, masassara ta rufe ta, sai ga su a likita cikin dare. An yi mata allurai da wankin ciwo har ta warke. Amma yau in kun gan ta za ku ga tabo bakwai baƙaƙe a fuskarta da wuyanta, ɗaya daga ciki ya yi tudu a ƙarƙashin kunne.

Ƙanenta ɗan shekara 3 shi ma ya kamu daga baya. Wannan karon uwar ta bi abin da ma'aikacin likita ya faɗa mata, ba wanda ya taɓa ƙurajen da komi. Bayan wata 11 suka ɓace da kansu, ko alama ba su bari ba. Ciwo ɗaya, gida ɗaya, uwa ɗaya. Wadda aka yi ma magani ita ce ta fita da tabo.

WACE IRIN CUTA CE?

Lokotoro suna kiran wannan cuta moluskum. Wani lokotoro na birnin Landan mai suna Thomas Bateman ya bayyana kamanninta a rubuce a shekarar 1817, ke nan ba sabuwar cuta ba ce, kuma babu ƙasar da ba a samun ta. Ta fi yawa a wurare masu zafi, da gidajen da mutane suka yi cunkoso. Yara daga shekara 1 zuwa 10 ta fi kamawa.

Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce daga cikin waɗanda ake ce ma birus. Dangin ƙwayar agana ce, wadda dattawanmu ke ɗauke da lambar rigakafinta a dantse, wadda kuma Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana ƙarewarta a duniya a shekarar 1980. Amma kada sunan dangi ya tsorata kowa. Agana tana shiga jini ta game jiki. Ita wannan a saman fata kaɗai take zama, ba ta shiga jini, ba ta taɓa hanta ko huhu. Mutum kaɗai take kamawa, saboda haka ba akuya ko kaza ko kare ne suka sa ma yaro ita ba. Ba abinci ne ya kawo ta ba, ba nonon uwa ba, ba kuma bakin wani ba.

Ga yadda za ku gane ta. Girman ƙurjin milimita 2 zuwa 5 ne, wato daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar dawa. Yana da tauri kaɗan, kansa a mulmule, yana sheƙi, launinsa kamar na fatar yaron ko ya ɗan fi ta haske. In ya girma sai ɗan rami ya bayyana a tsakiyarsa kamar cibiya. A cikinsa akwai wani farin abu mai kauri kamar ɗanyen cuku, to, a cikin wannan farin abu ƙwayoyin cutar suke cunkushe. Ƙurajen sun fi son fuska, wuya, hamata, ƙirji, ciki, lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Da wuya a gan su a tafin hannu ko tafin ƙafa. Galibi ba su wuce 20 ko 30 ba. Ba su zafi, sai dai wani lokaci su yi ƙaiƙayi.

Babban abin da muke so kowace uwa ta riƙe shi ne, jikin yaro da kansa yake kashe wannan cuta. Sai dai yana ɗaukar lokaci kafin ya farga da ita, tun da a saman fata ta laɓe. Kowane ƙurji ɗaya yakan yi kamar wata biyu ya tafi, amma kafin ya tafi wani ya fito kusa da shi, shi ya sa ake ganin kamar abin ba ya ƙarewa. A shekarar 2015 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Birtaniya bisa yara 306 masu wannan cuta. An tarar matsakaicin lokacin warkewa wata 13 ne, kuma yara 13 cikin 100 sun wuce shekara 2 da sauran ƙuraje a jikinsu. Ke nan uwar da ta ga wata shida sun wuce ba a warke ba, kada ta ce abin ya gagara. Haka tafiyarsa take.

YADDA TAKE YAƊUWA

Hanya ta farko ita ce fata ta gogi fata: yara masu kokawa a dandali, masu kwana bisa tabarma ɗaya, wa da ke ɗaukar ƙanensa. Hanya ta biyu kayan da ake tarayya: soson wanka, zanen goge jiki, zanen goyo, riga, reza. A gidajenmu da yawa soso ɗaya ne ke wanke yara biyar ko shida a jere, ga shi kuma uwa takan dirje wurin ƙurajen da ƙarfi don tana zaton dauɗa ce. Soso ya fasa ƙurji, ya kwashi farin abin nan, ya shafe sauran jikin yaron da shi, sa'an nan ya wuce bisa na biye.

Hanya ta uku, wadda ta fi kowace, ita ce hannun yaron da kansa. Ya sosa nan, ya sosa can, akaifa ta ɗauki cutar ta dasa ta a sabon wuri. Shi ya sa wani lokaci za ku ga ƙurajen sun jeru a layi ɗaya kamar shuka, daidai inda akaifa ta bi. Yaron da fatarsa ke bushewa tana ƙaiƙayi, musamman da hunturu, ko mai kirci, ya fi saurin yaɗa ta a jikinsa.

Daga ranar da cutar ta hau fata zuwa ranar da ƙurji zai fito akan yi sati 2 zuwa 7, wani lokaci har wata 6. Saboda haka neman wanda ya shafa ma yaro ɓata lokaci ne, kuma ɓata zumunci ne. Mun san gidan da kishiyoyi suka daina gaisawa bisa wannan magana, alhali ba mai iya tuna da wa yaro ya yi wasa wata huɗu da suka wuce.

KADA A RIKITA TA DA WASU

Kafin uwa ta ce za ta zuba ido a gida, wajibi ne ta tabbata abin da take kallo. Hanya mafi kyau ita ce a kai yaron likita sau ɗaya a duba shi. Ma'aikacin da ya saba da ganinta da ido yake gane ta, ba sai an ɗebi jini ba. Ga bambancinta da cututtukan da ake rikita ta da su.

Ƙarambau yana zuwa da masassara, ƙurajensa masu ruwa ne, suna fesowa da yawa cikin kwana biyu ko uku, suna ƙaiƙayi ƙwarai, kuma cikin kamar sati ɗaya zuwa kwana goma sun bushe sun yi ɓawo. Mai ƙarambau ba a ba shi asfirin, sai farasetamol.

Ƙyanda, wadda wasu ke ce ma dusa ko baƙon dauro, tana zuwa da masassara mai zafi, tari, majina da jan ido, kafin ƙananan ƙuraje su fara daga bayan kunne da fuska su gangara. Wannan ba ta zaman gida ba ce, tana kisa, tana makantarwa, kuma tana da allurar rigakafi da ake fara yi ma jariri a wata 9.

Ƙazuwa ƙaiƙayinta da dare ya fi tsanani, tana kama tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu, kuma da wuya ta tsaya bisa mutum ɗaya a gida. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, ba ta tafiya da kanta, sai an shafe dukan mutanen gidan da maganinta rana ɗaya.

Tusar jaki ita ma birus ne ke kawo ta, amma wani iri dabam. Busasshiya ce, kanta da kaushi, ba ta da cibiya, kuma ta fi fitowa a yatsu, bayan hannu, gwiwa da tafin ƙafa. Ita ma a jikin yara mafi yawanta kan faɗi da kanta cikin shekara 2.

Sai ƙyandar biri, wadda ta ɓarke a Najeriya a shekarar 2017, wadda kuma OMS ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kanta a 2022 da kuma watan Agusta na 2024. Ita ce ta fi kamata a yi hattara da ita, don ƙurajenta ma sukan yi rami a tsakiya. Amma ita tana zuwa da masassara, ciwon kai, ciwon jiki da ƙaluluwa a wuya ko hamata ko matsematsi. Ƙurajenta suna da zafi, suna cika da ruwa ko mugunya cikin ƴan kwanaki, kuma suna fitowa har a tafin hannu da na ƙafa. Wanda ya ga haka ya ware yaron daga sauran yara, ya garzaya likita a ranar.

Ƙa'idar a taƙaice: ƙurajen da suka fito a hankali, sati bayan sati, yaro yana ci yana wasa, su ne muke magana a kansu. Ƙurajen da suka feso cikin kwanaki tare da masassara, na likita ne.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

In an tabbata moluskum ne, aikin gida ba kashe ƙurajen ba ne. Aikin gida shi ne a hana su yaɗuwa, a hana su zama gyambo, har jiki ya gama nasa aikin.

Na farko, a ware ma yaron sosonsa da zanen goge jikinsa. Mafi kyau ma a daina sa soso a wurin da ƙurajen suke, a wanke da tafin hannu da sabulu a hankali. In an gama a dadanna zane bisa jikin har ya bushe, kada a goge. A shanya zanen a rana. In yara da yawa za a yi ma wanka, mai ƙurajen ya zama na ƙarshe, a zubar da ruwan, a wanke bahon. Uwa ta wanke hannunta da sabulu bayan ta gama.

Na biyu, a yanke mashi akaifa kowane sati, a kuma saba mashi da wanke hannu. Yaron da ya kai shekara huɗu ko biyar yana fahimta in aka yi mashi bayani da lalama cewa in ya sosa, ƙurjin zai haifi ƴaƴa. Duka da tsawa ba su hana susa, sai dai su sa ya ɓuya ya yi.

Na uku, a rufe wurin. Riga mai hannu ko wando mai tsawo, na auduga mara nauyi, ya isa. Wanda ke wurin da tufa ba ta kaiwa ana iya manna mashi filasta in za shi cikin yara, a cire da dare fata ta sha iska. Filastar da aka cire a jefar da ita, kada a maida.

Na huɗu, a yaƙi bushewar fata. Man kaɗe mai tsabta ko basilin mara turare, safe da dare bayan wanka, yana rage ƙaiƙayi ƙwarai. A fara shafa lafiyayyar fata, a ƙare da kewayen ƙurajen, kada a murza hannu bisa ƙurji sa'an nan a wuce da shi wani wuri. In kewayen ya yi kirci yana damun yaron, lokotoro na iya rubuta wani man shafawa mara ƙarfi na ƴan kwanaki.

Na biyar, in ƙurji ya fashe da kansa, a share farin abin da auduga, a jefar, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a rufe.

Na shida, a kula da cimar yaro. Jikin da ya ƙoshi ya fi saurin gamawa da cuta. Wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono, zogale da ƴaƴan itace sun fi duk wani mai da za a saya a kasuwa amfani. Babu abincin da aka hana mai wannan cuta.

Akwai wani abu da ke firgita uwaye, alhali albishir ne. Wata rana za a ga ƙurji ya yi ja, ya kumbura, ya yi kamar ƙaramin maruru, daga baya ya yi ɓawo. Sau da yawa wannan alama ce jiki ya gano cutar ya far mata, kuma ƙarshen abin ya kusa. In yaron ba ya masassara, kumburin kuma bai wuce gindin ƙurjin ba, a wanke, a rufe, a ƙyale. Wurin na iya barin ɗan duhu ko ɗan haske, wanda ke gushewa a hankali cikin watanni.

Maganar lakwal da makarantar allo kuwa, babu dalilin tsare yaro a gida. Cutar da ke iya shekara guda ba a hana yaro karatu saboda ita. A rufe ƙurajen ya tafi. Muna roƙon malamai kada su kori irin waɗannan yara, kada kuma su bari ƴan'uwansu su maishe su abin dariya.

ABIN DA BA ZA A YI BA

Kada a tsaga da reza, ko aska, ko allura, ko ƙaya. Kada a matse. Kada a yi sakiya. Farin abin da ke fitowa shi ne irin cutar, duk inda ya taɓa an shuka sabo. Ga kuma abin da ƙarfen ke iya kawowa. Reza ko askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ko ta sida. Raunin da aka cusa ma toka ko ƙasa ko kashin dabba ƙofa ce ta tetanos, ciwon nan da ke sanƙarar da haɓa da jiki.

Kada a ɗiga sodar sabulu, ko ruwan batir, ko ruwan toka mai ƙarfi, ko kanwa. Kada a ɗaura dakakkiyar tafarnuwa. Kada a sa nonon tumfafiya ko na tinya. Duk waɗannan ƙuna suke yi, kuma ba su san iyakar ƙurji ba, suna cin lafiyayyar fata har nama. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana lahanta gani, yaro kuwa ba ya rabuwa da murza ido. In tsautsayi ya sa irin wannan abu ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20, sa'an nan a tafi likita.

Mu tuna fa, fatarmu ta baƙar fata tana riƙe tabo. Ƙuna kaɗan sai ta bar baƙi ko fari na shekaru, wasu kuma tabonsu tudu yake yi ya yi ta girma, musamman a kunne, wuya, kafaɗa da ƙirji. Ƙurjin na wata goma ne ko ashirin, tabon kuwa da shi za a kai yarinya ɗakin miji.

Kada a shafa mayukan kasuwa da ba a san abin da ke ciki ba, balle waɗanda mata ke shafawa don su yi fari. Da yawansu suna ɗauke da kortizon mai ƙarfi, wanda aikinsa shi ne kwantar da garkuwar fata. To, garkuwar nan ita ce muke jira ta tashi ta kashe cutar. Wanda ya shafa irin wannan mai ya ɗaure mai gadi ne ya bar ɓarawo.

Kada a ɓare kafso a barbaɗa garinsa, kada kuma a ɗura ma yaro antibiyotik ba da takardar lokotoro ba. Antibiyotik ba ya kashe birus ko kaɗan. Asarar kuɗi ce, kuma ranar da yaron zai bukaci maganin da gaske ana iya tarar da ya daina ci.

ME LOKOTORO KE DA SHI?

Mai karatu na iya cewa, to, duk ilimin zamani babu magani? Akwai dabaru, amma babu wadda ta zama yankan wuƙa. Lokotoron fata na iya kankare ƙurajen da wani ɗan ƙarfe mai kamar cokali wanda aka dafa, bayan ya shafa maganin kashe zafi. Yana iya ƙone su da sanyi, da wani ruwa da sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, sai dai wannan yakan bar farin tabo a baƙar fata. A farmasin ƙasar Faransa ana sayar da wani ruwan fotas da aka auna ƙarfinsa, kashi 5 ko 10 cikin 100, ana ɗiga shi bisa kan ƙurjin kaɗai. Shi ma yana ƙuna in an yi ganganci, ba a sa shi kusa da ido, kuma ba ɗaya yake da ruwan tokar madafa ba, wanda ba mai sanin ƙarfinsa.

A shekarar 2017 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara bincike 22 da aka yi bisa mutum 1650, ta auna dabarun da ake da su a lokacin. Abin da ta tarar shi ne babu wadda aka tabbatar da hujja mai ƙarfi cewa tana aiki, don haka barin cutar ta warke da kanta hanya ce mai kyau.

Daga baya an samu ƙari. A watan Yuli na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna kantaridin don yara daga shekara 2. Manomanmu sun san tushensa, don kuwa shi ne dafin da ke jikin ƙwari dangin hangara, wadda ke cin gero lokacin da yake fure, wadda in aka murƙushe ta bisa fata sai wurin ya yi bororo. Ma'aikacin likita ne kaɗai ke ɗiga shi, ɗigo ɗaya bisa kowane ƙurji, a awon da aka ƙayyade. Kada wani ya ji haka ya kamo hangara ya murza ma yaro. Dafinta guba ne, in ya shiga baki yana lalata ƙoda, yana kisa.

A watan Janairu na 2024 hukumar ta sake amincewa da wani man shafawa mai suna berdazimer, wanda uwaye ke shafawa da kansu a gida har sati 12. A babban gwajin da aka yi mashi, kusan yaro 1 cikin 3 ne ya warke sarai a ƙarshen sati 12, alhali cikin waɗanda aka shafa ma man da babu magani a ciki, 1 cikin 5 ya warke. Ku duba fa, wannan shi ne sabon maganin ƙasar masu kuɗi. To, ina ga na mai talla da ke rantsuwa kwana uku ya isa?

YAUSHE ZA A KOMA LIKITA?

A koma ba tare da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan. In ƙurji yana bisa fatar ido ko bakinta, ko idon ya yi ja yana hawaye. In kumburi yana faɗaɗa, wurin ya yi zafi, mugunya na fita, ko masassara da ƙaluluwa sun biyo baya. In ƙurajen suna al'aura ko dubura. Sau da yawa hannun yaron ne ya kai su can, amma ya kamata ma'aikacin likita ya gani. In jariri ne da bai kai shekara ba. In ƙaiƙayi ya hana barci. In an wuce shekara 2 ba sauƙi.

Sai kuma wadda ta fi nauyi. In ƙurajen sun yi yawa ƙwarai, hamsin, ɗari, ko sun yi manya sun fi ƙwayar wake, musamman a fuska, ga yaron yana ramewa, yana yawan zawo ko tari, to, alama ce garkuwar jikinsa ta yi rauni. Tamowa na kawo haka, sida ma na kawo haka. In lokotoro ya ce a auna jini, kada a ɗauka zagi ne, kada a gudu. Yaron da aka gano da wuri aka sa shi bisa magani yana girma kamar kowa, ƙurajen ma sukan tafi in jiki ya farfaɗo. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauki ƙudurin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati. Uwa ta ɗauki karnen yaronta ta je ta tambayi abin da ya shafe ta, matambayi ba ya ɓata.

KALMAR ƘARSHE

Da muka sake zama da maƙwabciyar tamu kafin mu rubuta wannan, mun tambaye ta abin da ya kai ta ga reza. Ta ce mana ba ƙurajen ne suka fi damunta ba, kallon da ake mata ne, da jin ana cewa ta zauna ba ta yi ma ɗiyarta komi ba. Ta kuma yarda mu buga labarin ba tare da suna ba, don wata ta tsira.

Saboda haka kiranmu ba ga uwaye mata kaɗai yake ba. Ku iyaye maza, in matarku ta dawo daga likita ta ce an ce a jira, ku tsaya mata. Ku kakanni, mun san ƙauna ce ke sa ku neman magani, amma a wannan ciwo wadda ta raba soso, ta yanke akaifa, ta rufe wurin, ta hana a taɓa, ta yi duk abin da ake bukata. Ku maƙwabta, ku bar yara su yi wasansu, ku kama bakinku.

Yarinyar nan tana aji uku yanzu. Kullum in za ta lakwal sai ta jawo kallabinta ta rufe ƙarƙashin kunne. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba uwayensu haƙuri. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.